Tagar da ke Jikin Inji

A Ladipo nake, layin injuna,
inda baƙin mai ya cinye ƙasa
har takalmi ya manta launinsa.
Shekara goma sha ɗaya ina sauke kwantena,
ina sayar da zukatan motocin da suka mutu a Japan
suka zo Legas neman rai na biyu.

Inji da yawa kan zo da 'yar takarda a manne,
lambobi, sai wani zane da ba ya rabo da su:
日
Akwati a tsaye, an ɗaura masa ɗamara.
Ni na ɗauka taga ce.
Yarona Mati ya ce bulo ne mai rami biyu.
Wani direban danfo ya rantse firji ne.

Ekene na shagon gaba,
wanda ya yi shekara bakwai yana lodi a Nagoya,
ya goge hannu a wando, ya leƙa:
Sallau, wannan ai rana ce.
Na ce wacce, ta sama ko ta kalanda?
Ya ce duka biyun.

Na ajiye sifana.
Ashe mutanen da ban taɓa haɗa kwano da su ba
sun ɗauki wadda ke gasa ƙeya a gadar Oshodi
da wadda mai gidan haya ke ƙirga mini,
sun raɗa musu suna guda, kamar mu.

Wai da can zagaye take, da ɗigo a ciki.
Hannun marubuta ne ya yi ta matsa ta
har ta yi kusurwa huɗu.
Ban yi mamaki ba.
Kowa ya kwana ɗaki ɗaya da mutum shida a Idi-Araba
ya san yadda ake yin kusurwa.

In ta tsaya ita kaɗai, hi ake kiranta.
In ta shiga jama'a ta koma nici.
Uku ga wata, huɗu ga wata, sai ta amsa ka.
Na ce wannan 'yar ci-rani ce irina:
Sallau a gida, aboki a titi,
Alhaji a bakin mai neman ragi.

Sa mata saiwar itace a gefe, 日本,
ka rubuta sunan ƙasarsu, tushen rana.
A Lahadi sau biyu take fitowa,
ta buɗe kalmar, ta kuma rufe ta.
Na faɗa wa 'yata Ladi a waya,
ta ce to Baba kuɗin kati biyu ke nan.

Haɗa ta da wata, ka sami haske.
Ƙara wata ranar a bayan hasken, ka sami gobe,
goben nan da wani makanike daga Mushin
yake ta yi mini tun watan azumi.

Jiya kwana na biyar ke nan ba mu ga ta sama ba.
Ruwa ya shigo shago har idon sawu,
muna ta ɗora injuna a kan taya.
Na ɗaga wani, fitilar waya a baki,
sai ga takardar, rubutun hannu da shuɗin biro:
watan tara, rana ta huɗu, an canza mai.
Wani ya sunkuya a nan, ya duba agogo ko bai duba ba,
ya ja layin tsakiyar a karkace
kamar mai saurin zuwa cin abinci.

Ban san sunansa ba.
Injin dai bugu ɗaya ya tashi da safe,
na sayar, na biya kuɗin makarantar Ladi.

Na ce wa Ekene, in ka koma, ka nemo shi,
ka ce wani a Legas ya ce ya yi masa rana.
Ya ce yaya zan fassara wannan?
Na tsoma yatsa a baƙin mai,
na zana masa tagar a bayan rasit.